BUƊE JAKA DABAN, BUƊE WAYA DABAN

Akwai wata magana da ta daɗe tana kai da kawo a bakin matafiyan gabashin Sakkwato, mun ga lokaci ya yi da za mu sa baki a cikinta. Mutumin Wurno ya ɗauki tafarnuwarsa, na Goronyo ya yi lodin albasa, na Rabah ya kora 'yan awakinsa, ko kuwa malamin makaranta ya shirya zuwa ta'aziyya wurin dangin uwarsa a Ƙonni ko Madawa. Sun bi ta Illela, ko sun ɓulla ta Gada ko Sabon Birni. A wani shinge aka tsai da mota, aka duba kaya, aka duba takardu, duk lafiya lau. Har direba ya ta da mota, sai a ji wani mai kaki ya miƙo hannu ta taga ya ce, "Malam, kawo wayarka. Buɗe ta." Mutum ya buɗe, don ba shi da yadda zai yi. A koma gefe da ita ana latsawa, shi kuwa yana zaune cikin mota kamar wanda aka tuɓe wa riga a kasuwa. Ƙorafin ya zo mana daga bakin mutane da dama, waɗansunsu ɗalibanmu ne da muka horar suka zama malamai, ba kuwa masu son ƙara wa zance gishiri ba ne.

Kada wani ya ɗauka muna faɗa da binciken kaya. Ko kusa. Tun zamanin ayari fatake suke sauke kaya a zango, madugu ya je ya biya kuɗin fito, a kwance mangala a ga ko kanwa ce ko goro. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyakar nan, suka bi suka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, suka raba Gobir biyu, suka bar Ƙonni can Illela nan, sai abin ya koma hannun 'yan kwastan. Ƙasar da ba ta san abin da ke shigowa cikinta ba, gida ne ba ƙyaure. Wanda ya ɓoye bindiga cikin buhun gero, ko ƙwaya cikin tayar mota, a kama shi, mu ne na fari wajen yin murna.

Amma waya ba mangala ba ce. Sa'ad da ɗan kwastan ya buɗe jaka, abin da matafiyi ya zaɓa ya ɗauko don wannan tafiyar shi zai gani: riguna biyu, da buta, da ɗan guzuri. Ya gani, ya rufe, magana ta ƙare nan take. Waya kuwa ba a zaɓar abin da za a zuba mata saboda tafiya. Duk abin da mutum ya yi shekara biyar ko goma yana tarawa yana ciki. Akwai hoton iyalinsa a tsakar gida ba lulluɓi. Akwai muryar matarsa tana yi masa maganar da ba ta ko yi a gaban uwarta. Akwai takardar asibiti, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da abin da ya rage masa a banki, da sunan duk wanda ya taɓa kira da sa'ar da ya kira shi. Da a ce wani ma'aikaci zai tare mutum a bakin iyaka ya ce, "Mu koma gidanka in shiga turakarka, in buɗe adakar matarka, in karanta wasiƙunka na shekara goma, sa'an nan ka wuce," ai gari duka zai tashi. To, abin da ake yi ke nan cikin minti biyar a gefen hanya, don dai abin ya zo a ɗan ƙaramin gilashi shi ya sa ba mu ganin girmansa. Wani abin kuma, asirin da ke ciki ba na mai wayar kaɗai ba ne. Duk wanda ya aiko masa da saƙo ya ba shi amana, kuma shi bai zo bakin iyaka ba balle a ce ya yarda.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. A ƙarshen 1826 Baturen nan Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya komo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello karo na biyu. Yana ɗauke da kyautai da takarda daga Gwamnatin Ingila zuwa ga Sarkin Musulmi, yana kuma ɗauke da wata takardar da waɗansu kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu na Barno. Ga shi kuwa a lokacin Sakkwato da Barno suna cikin yaƙi, har ma farkon 1827 rundunar Shehu Laminu ta doso Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare ta. Sarkin Musulmi ya sa aka kawo yaron Baturen, Richard Lander, daga Kano da sauran kayan, ya ce a ba shi takardar Barno. Clapperton ya ƙi, ya ce amana ce aka ba shi, ba shi da ikon miƙa ta ga wani. Aka karɓe takardar, Waziri Giɗaɗo kuma ya je aka karɓe makaman. Baturen bai huce ba har ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu 1827.

Masu tarihi sun daɗe suna muhawara a kan wane ne da gaskiya, mu dai muna ganin kowannensu yana da tasa hujja. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda aka yi abin. Ana cikin yaƙi. Takarda guda ɗaya aka nema, an san wanda aka rubuta wa, kuma abokin gāba ne. Wanda ya yanke shawara shi ne shugaban ƙasa da kansa, da Wazirinsa, a gaban mai kayan, aka kuma gaya masa dalili. Ba wani dogari ne ya tare baƙo a ƙofar gari ya ce ya zazzage gafakarsa ba. In mai kabarin nan na Wurno, da ikonsa duka, sai da ya kafa dalili kafin ya taɓa takarda ɗaya ta baƙon da ba addininsu ɗaya ba, yaya ke nan ƙaramin ma'aikaci zai karanta takardu dubu na ɗan ƙasa don kawai fuskarsa ba ta yi masa ba?

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za a ce ƙasar nan ba lafiya. Gaskiya ne, ba kuwa mutanen Goronyo za a ba labari ba. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo tana ci, suka kashe mutum fiye da 40. Wata guda kafin wannan, cikin Satumba 2021, sai da Gwamnati ta sa aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda da waya ɓarayin daji ke kiran juna, da ita masu tsegunta musu ke gaya musu wanda ya sayar da sā, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. Ma'aikacin da ke tsaye a shinge cikin rana da dare, ya san an kashe 'yan'uwansa a irin wannan tsayuwa, in ya dubi waya da idon zargi ba za mu ce ya haukace ba. Ko a shari'ar Musulunci, wadda ta hana bin diddigin asirin mutane, an san labarin matar da aka tare a hanyar Makka gab da buɗe ta, aka karɓi takardar da ta ɓoye cikin kitsonta. Amma a nan ma mace ɗaya aka nufa, a wuri sananne, bisa labari tabbatacce. Ba a ce a kwance kitson duk matan da ke kan hanya ba.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, shin binciken kowa da kowa yana kama ɓarawo? Mai tsegunta wa 'yan bindiga ba wawa ba ne. Ya san da shingen, ya share abin da zai share tun daga gida, ko ya bar wayar aikin a wani wuri ya riƙo wata, ko ma ya bi ta daji a kan babur, gama iyakar nan ta fi ƙarfin a tsare ta da shinge. Wanda ke zuwa da wayarsa cike, bai share kome ba, shi ne wanda bai san yana da abin ɓoyewa ba. A cikin wayarsa za a tarar da wani hoto ko wani faifan murya da aka turo cikin zauren WhatsApp na 'yan garinsu, wanda shi bai ko buɗe ba. Daga nan sai a ce ya sauko. Mota ta gaji da jira, albasa tana zufa cikin buhu, sai magana ta koma ta "yaya za mu yi da kai?" Kowa ya san inda irin wannan tambaya take ƙarewa. Ikon da ba shi da ƙa'ida a rubuce, ko an ba da shi don tsaro, ƙarshensa ya zama hanyar cin abinci.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare wa ɗan ƙasa asirinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 45 ya yarda a rage wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa da zaman lafiya, amma ta hanyar doka, ba ta hanyar ganin dama ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta nuna hanya, watau mai bincike ya tafi wurin alƙali ya samo takardar izini kafin ya shiga na'urar mutum neman shaida. Ran 4 ga Oktoba 2020, sa'ad da ƙorafin samari ya kai maƙura, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Muhammad Adamu, ya fito fili ya hana mutanensa binciken wayoyi da kwamfutocin jama'a barkatai a kan hanya. Sai dai umarnin nan na 'yan sanda ne, alhali kuwa kakin da ke bakin iyaka ya fi kala ɗaya. Kuma shi manomin da ke cikin motar bai taɓa jin sashe na 37 ba. Ko ya ji, ba ya iya karanta shi ga mai bindiga.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu shiga wannan rigima, ya kamata mu duba abin da suka yi, ba don sun fi mu adalci ba, sai don sun rubuta nasu an gani. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 2014 cewa ko an kama mutum da laifi, ɗan sanda ba zai buɗe wayarsa ba sai da takardar alƙali. Amma hukuncin bai kai bakin iyaka ba, a can 'yan kwastan suka ci gaba da buɗewa ba takarda. A 2015 sun binciki na'urori 8,503. A 2024 abin ya kai 47,047, cikin matafiya fiye da miliyan 400. A lura, sun ƙidaya, sun kuma buga ƙidayar kowa ya gani. A 2018 suka fitar da ƙa'ida wadda ta raba binciken kashi biyu. In dubawa ce da ido da yatsa, ma'aikaci yana iya yi. In kuwa za a haɗa wayar da wata na'ura a kwashe abin da ke ciki, sai da dalilin zargi ko na tsaron ƙasa, sai kuma babba ya sa hannu. Aka kuma ce a katse wayar daga intanet tukuna, don kada a leƙa abin da ke ajiye a can nesa wanda bai ƙetaro iyaka ba. Ƙasar Niyu Zilan a 2018 ta yi doka mai kaifi biyu: wanda ya ƙi ba da lambar sirrinsa ana iya cinsa tara har dalarsu 5,000, amma ma'aikaci ba shi da ikon nema sai yana da dalilin zargi.

Duk da haka ba su tsira daga zalunci ba, kuma wannan ya shafi malaman da ke tura ɗalibai karatu waje. Cikin Agusta 2019 wani yaro Bafalasɗine mai shekara 17, Isma'il Ajjawi, ya sauka a Boston zai shiga Jami'ar Harvard. Aka riƙe shi sa'o'i, aka binciki wayarsa da kwamfutarsa, aka soke bizarsa aka mai da shi Labanan. Ya ce abin da aka tuhume shi da shi rubuce-rubucen abokansa ne, ba nasa ba. Sai da aka yi ta kai ruwa rana kana aka bar shi ya komo. A Ingila kuma, a 2017, kotu ta sami wani Musulmi mai aikin kare haƙƙin fursunoni, Muhammad Rabbani, da laifi don ya ƙi ba da lambar sirrinsa a filin jirgin Heathrow, ko da yake ya ce asirin wani mai ƙara ne a ciki wanda aka ba shi amana. Kusan maganar Clapperton ce, bayan shekara 190, sai dai wannan karon Ingila ce mai karɓa.

Mu komo gida. Daga Sakkwato zuwa Illela wajen mil 50 ne, daga Illela zuwa Ƙonni kuwa ɗan taƙi ne, harshe ɗaya, abinci ɗaya, auratayya ta ko'ina. Wannan ya sa mutanenmu suke mantawa cewa da sun ƙetare, wata doka ce ke kansu. Iyakar da aka rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ba iyakar da kakanninmu suka sani ba ce. Cikin Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Tana da dokarta ta laifuffukan intanet tun 2019, a 2024 kuma aka mai da hukuncin ɗauri ga wanda ya yaɗa abin da aka ga zai ta da hankalin jama'a. Ba'ar da mutum ya tura wa abokinsa a Achida ana dariya, tana iya zama wani abu dabam in an karanta ta a wancan gefe. Haka alhazai: Saudiyya tana da irin wannan doka tun 2007, ba ta kuwa wasa da ita. Can ba mu da bakin magana, kowace ƙasa da nata. Abin da ya rage wa matafiyi sai ya san abin da ya ɗauko.

A nan ne maganar ta zo kanku, ku akawuna da malamai. Akawun En'e na dā, da ya tashi daga ofis sai ya kulle littafin haraji da na albashi cikin kabad, ya rataya mabuɗi. Ba a taɓa jin ya naɗe littafin jangali ya sa a aljihu ya tafi cin kasuwar Ƙonni ba, da ya yi kuwa da Ma'aji ya sallame shi. Magajinsa na yau yana yin abin da ya fi wannan kullum, bai ko sani ba. Cikin wayarsa akwai jerin albashin ma'aikatan ƙaramar hukuma, da lambar ajiyar kowa ta banki. Cikin ta hedimasta akwai sunayen 'yan mata ɗari uku, da hotunansu, da ƙauyukansu, da lambobin iyayensu, wani lokaci har da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, jerin da ke nuna wane ne ke karɓar nawa, da wace yarinya ke kwana a wane gida, ba abin wasa ba ne. In wayar ta bar hannunka minti goma a bayan wata rumfa, ba ka da shaidar abin da aka ɗauka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan a kan ofishin da ya tara su, ba a kan shingen da aka tsai da kai ba.

Saboda haka in tafiya ta kama, a sauke kayan ofis daga waya a bar su a ofis. Wanda ke da hali ya riƙi 'yar ƙaramar waya ta kira kawai, ya bar babbar a gida. In an nemi a buɗe, kada a yi gardama, kada kuma a yi ƙarya, gama ƙarya ita ke mai da ƙaramin abu babba. A roƙa da ladabi a ce, "Ranka ya daɗe, a duba a gabana." A buɗe da hannu maimakon a faɗi lambar sirri, in kuwa an faɗa, a sake ta da zarar an wuce. A riƙe sunan shingen da sa'a da rana. In ka komo ka gaya wa shugabanka a rubuce, ko da ba a ɗauki kome ba. Ku malamai kuma, wannan darasi ne na rabin sa'a ga 'yan aji na sama, ya fi waɗansu da muke cika musu kai da su amfani.

Ga Gwamnati kuwa, roƙonmu ba mai tsada ba ne, ba ya bukatar kwangila. Shugabannin kwastan, da na shige da fice, da sauran masu tsaron iyaka su zauna su fito da ƙa'ida guda wadda ta hau kan kowa. Kada a buɗe wayar matafiyi sai da dalilin da za a iya rubutawa cikin littafi, sai kuma babban ma'aikacin wurin ya yarda. A duba a gaban mai ita, mace kuwa mace ta duba mata. Kwashe abin da ke ciki sai da takardar alƙali. In an riƙe waya a ba da rasiɗi mai suna da lamba da ranar mayarwa, kamar yadda ake ba wanda aka riƙe wa buhun shinkafa, tun da dai waya ba ta kasa buhun shinkafa daraja ba. A ƙarshen shekara a buga yawan wayoyin da aka buɗe da yawan waɗanda aka sami laifi a cikinsu, mu ga ko aikin yana biyan wahalarsa. Wannan zai tsare ma'aikacin kirki ma, gama yau in an yi masa ƙage ba shi da littafin da zai nuna.

Wakilan Wurno da Rabah, da na Goronyo da Gada, a Majalisar Tarayya su ne ya kamata su ɗauki maganar nan su kai Abuja, hakimai kuma su tuna musu in sun zo gaisuwar salla. Ran da aka sami ƙa'idar, a rubuta ta da manyan baƙaƙe a kan allo, da Hausa, boko da ajami, a kafa a Illela daidai inda motoci ke tsayawa, da lambar da za a kira a ƙasanta.